An Sa Mini Ƙarfe a Ƙugu, Ga Hawan Sallah Ya Ƙarato

Assalamu alaikum. Ni mutumin cikin garin Gombe ne, shekarata 58. Tun ina saurayi nake hawa a tawagar hakiminmu, kamar yadda mahaifina ya yi kafin ni. Dawakina biyu: wani tsohon kili mai sanyin hali, da ingarma akawal da na saya bara waccan. Shekara huɗu na yi ina fama da ciwon ƙugun hagu tun bayan wani haɗarin mota, har ta kai ba na iya sujada. Mako biyar ke nan da aka yi mini aiki, aka cire kan ƙashin cinyar aka sa na ƙarfe. Tabon yana ta baya, wajen mazaunai. Alhamdu lillahi ciwon ya tafi ɗungurungum, har na fara ajiye sanda a cikin gida. Babbar Sallah saura mako shida. Da na tambayi likita maganar hawa, cewa ya yi a dakata tukuna, ya kira na bayana. Abokaina a majalisa sun ce in hau kawai, a sa zagage biyu su riƙe mini. Hajiya kuwa da babban ɗana sun haɗa baki a kan a sayar da dawakin gaba ɗaya. Yaron da ke kula da su ba ya iyawa da akawal ɗin, ya fara cizo da harbi, har jiya na lallaɓa na je na kwance shi da kaina. Shin zan iya hawa bana? Ko kuwa ni da sirdi mun yi bankwana ke nan?

Mahayi daga Gombe

Wa alaikumus salam, Alhaji. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Tambaya biyu ka yi, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Hawan bana dai ka haƙura da shi, ko da zagage goma za a jera maka. Bankwana da sirdi kuwa, babu wanda ya isa ya yanke maka wannan hukunci yanzu, domin mutane da dama da suka iya doki tun kafin a yi musu irin aikinka sun warke sun koma sun hau. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ma ba hawan ba ne. Maganar nan ce ta kusa da ƙarshe, cewa ka lallaɓa ka kwance ingarma da hannunka, mako biyar da tiyata. Za mu zo kanta.

Abin da ke ruɗarka shi ne tafiyar ciwon. Azabar da ka sha shekara huɗu, ƙashi ne ke gugar ƙashi bayan guringuntsin da ke tsakaninsu ya cinye. Likita ya yanke kan ƙashin cinyar, ya zura dogon ƙarfe a ramin ɓargo, ya ɗora masa ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran, sannan ya kafa ƙoƙo a ƙashin ƙugu mai shimfiɗar roba mai tauri a ciki, inda ƙwallon zai riƙa juyawa. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan tsari a 1962, kuma har yau yana cikin ayyukan tiyatar da suka fi yin nasara. Ƙarfe da roba ba su jin zafi, shi ya sa ka wayi gari ciwo ya ɗauke. Amma kafin likita ya kai ga gaɓar sai da ya ratsa tsoka, ya yanke ƙananan jijiyoyin bayan ƙugu da jakar da ta lulluɓe gaɓar, ya ɗinke su da ya gama. Su ne ke tare ƙwallon kada ya fice daga ƙoƙonsa. Fata takan haɗe cikin mako biyu, su kuwa sai sun ci wajen wata uku kafin su yi ƙwarin da za a dogara da shi. In kuma ƙarfen naka irin wanda ba a sa wa siminti ba ne, wanda ake barin ƙashi ya tsiro ya kama shi da kansa, kamun ma yana ɗaukar mako 6 zuwa 12. Ka san katangar ƙasa: bayanta ya bushe har ya yi fari, cikinta ɗanye, in ka ɗora mata azara a lokacin sai ta tsage. Ranar Sallah makonka 11 kacal. Yawancin gocewar da ake gani bayan wannan aiki cikin wata ukun farko take faruwa, kuma ba ta yin sallama. Mutum yana zaune lafiya lau, ya sunkuya ɗaukar takalmi, sai ƙafa ta ƙi komawa.

Yanzu dubi yadda kake hawa, abin da jikinka ya haddace har ka daina lura da shi. Kana tsayawa ta hagun doki, ka tattara linzami ka dafa gaban sirdi, ka ɗaga ƙafar hagu ka sa a likkafa. A daidai nan gwiwarka ta haura ƙugunka, ta kusa taɓa cikinka. Sai ka yunƙura, nauyinka duka ya koma kan wannan ƙafa da ke naɗe, gangar jikinka ta murɗa a kanta don ƙafar dama ta tsallake bayan sirdi. Wanda aka shiga ƙugunsa ta baya, kamar kai, abu uku ake hana shi a watannin farko: kada gwiwa ta haura ƙugu, kada ƙafar ta karkato ciki, kada ta hau kan 'yar'uwarta. Hawa daga ƙasa ta hagu ya haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda, ya ɗora nauyin jiki a kai. Sirdinmu na gargajiya kuma ba irin na 'yan folo ba ne, gabansa da bayansa a tashe suke, ga jalala ga sauran kayan ado, dole ƙafa ta yi sama sosai kafin ta wuce. Sauka ma ta fi hawan haɗari: an yi awoyi a rana, ƙafa ta yi tsami, babbar riga da alkyabba sun nannaɗe ka, sannan ka diro.

Abokanka suna da gaskiya guda ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Zama a kan sirdi, ƙafafu a buɗe, doki yana takawa a hankali, shi kansa ba ya cikin irin zaman da ke gotar da gaɓar. Amma ka fi ni sanin abin da ake ciki a ƙofar fada ranar hawa. Bindiga ta tashi, tambura da algaita suna amo, yara suna kutsawa ta ƙarƙashin wuyan dawaki, ingarmu suna haniniya suna neman juna, kofato kuma a kan kwalta. Zagi kan doki yake riƙe da shi, bayan dokin ba ya hannun kowa. In ya zabura gefe, ko ya miƙe a ƙafafun baya, ko dokin wani ya matso ya murɗe maka gwiwa, kafin zagi ya yi wani abu an gama. Faɗuwa ce daga kusan mita ɗaya da rabi. Ƙashin da ke ɗauke da ƙarfe a cikinsa kuwa ba ya karyewa irin karayar da ka saba gani. Yakan tsage a kewayen ƙarfen ko daidai inda ƙarfen ya ƙare, gyaransa sabuwar tiyata ce da ta fi ta farko tsawo da zubar jini da cin kuɗi, wani lokaci sai an zare ƙarfen an sa wanda ya fi shi tsawo, kuma ba kasafai ƙafar take komawa daidai da yadda aikin farko ya bar ta ba. Gaɓar da ta taɓa gocewa sau ɗaya ma ta fi saurin maimaitawa. Da muguwar rawa, Alhaji, gara ƙin tashi.

Na san ba za a rasa wanda zai raɗa maka cewa ka haɗiyi tramadol ko a yi maka allurar kashe zafi da safen Sallah ba. Kada ka saurare shi. Ɗan zafin da kake ji in ka wuce gona da iri shi kaɗai ya rage yana gaya maka ka tsaya. In ka kashe shi, ga jirin da maganin ke sawa, kana bisa doki, ka haɗa wa kanka masifa biyu.

To, akawal. Dokin da ya saba fita kilisa, aka ɗaure shi a turke mako biyar ana ci gaba da auna masa dawa da dusa kamar da, dole ya yi cizo ya yi harbi. Ƙarfi ne ya taru masa, ba shi da inda zai kai shi. Halinsa bai ɓaci ba, kuma ba lallai laifin yaron ba ne. Matsalar ma ba ta tsaya ga hali ba, domin hatsi mai yawa ga dokin da ba ya aiki yana jawo ciwon ciki da kumburin cikin kofato, wanda kan gurgunta doki. A rage masa hatsin sannu a hankali, cikin mako guda zuwa kwana goma, kada a yanke rana ɗaya. A cika masa gaba da ciyawa da harawa, ruwa kuma kada ya yanke. Sannan a nemo mahayi na gaske wanda zai riƙa fita da shi kullum. Gombe ba ta rasa mahaya ba. In da hali ma a mayar da shi bargar wani amininka na wata uku, ka riƙa aika abincinsa. Abokan nan na majalisa masu cewa ka hau, ga inda za su nuna zumunci.

Kai kuma ka shata wa kanka iyaka: duk inda igiyar doki take kaiwa, nan ba wurinka ba ne. Dabba ce da ta haura kilo 300. Ba sai ya harbe ka ba, ya juya baya kawai ya goge ka, ko ya fizgi ragama kana riƙe da ita, ko igiya ta zagayo ta harɗe maka ƙafa da sanda, ka tafi ƙasa. Ƙasan barga kuwa ka san yadda take, ga fitsari, ga kashi, ga ramukan da kofato ya tona, in an yi ruwa ga santsi. Ba kai ba ɗaukar bokiti, ba kai ba jan buhun dusa, ba kai ba sunkuyawa duba kofato ko ɗaura dabaibayi. Ban ce ka daina zuwa ba. Mutumin da ya tashi cikin dawaki, in aka raba shi da su gaba ɗaya wani ciwon aka sa masa, kuma na sha ganin wanda ƙafarsa ta warke amma zaman ɗaki ya karya masa zuciya. A kai maka kujera mai tsayi a ajiye a inuwa, nesa da tsawon igiya. Ka zauna ka ga abin da aka auna, ka ga kashin dokin, ka ga yadda yake taka ƙafa, ka riƙa koya wa yaron abin da mahaifinka ya koya maka. Idonka da bakinka za su yi wa dawakin nan aikin da hannunka ba zai yi ba a yanzu.

Tunda kana shiga barga, ka tambaya a asibiti ko rigakafinka na tetanus, cutar nan mai sanƙarar da jiki ta sarƙe haƙora, bai tsufa ba, domin ƙwayarta a kashin doki da ƙasar barga take zama. Kada ka raina ƙurji ko yanka a ƙafa, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko zafin fitsari. Ƙwayar cuta tana iya bin jini ta je ta maƙale a jikin ƙarfen, inda magani ke wahalar cim mata. In kana da ciwon suga, yanzu ne lokacin da za ka fi tsare shi.

Cikin gida ma akwai aiki, saboda mu rayuwarmu a ƙasa take: tabarma, darduma, kujera 'yar tsugunno, masai na tsuguno, tuwo a ƙasa, gaisuwa a durƙushe. Duk waɗannan suna naɗe ƙugu fiye da ƙima. Ka auna kowane wurin zama da ido: in ka zauna gwiwarka ta yi sama da ƙugunka, wurin ya yi maka ƙasa. Kujerun falo masu lotsawa suna ciki, katifar ƙasa tana ciki, kujerar keke Napep tana ciki. Babur kuwa kada ma a yi maganarsa. In masan gidanka na tsuguno ne, a saya maka kujerar bayan gida irin ta marasa lafiya a ɗora a kai, in kuma na zama ne amma gajere, akwai abin da ake ɗora masa ya ƙara tsayi. Wajen alwala ka bari a wanke maka ƙafar, kada ka sunkuya ko ka ɗago ta kan gwiwa. Wando ka fara zura ƙafar hagu. In za ka kwanta a gefen dama, ka sa matashi mai kauri tsakanin gwiwoyinka don kada ta hagun ta faɗo ta tsallaka. A mota ka zauna gaba, a ja kujerar baya, ka fara zama sannan ka shigo da ƙafafu tare.

Na san sujada ce ta fi tsaya maka a rai, tunda rashinta na cikin abin da ya kai ka ga wuƙar likita. Ka ƙara haƙuri. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito a fili yake: ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ka yi tsayuwarka, ka zauna a kujera mai tsayi don ruku'u da sujada, ka yi nuni. Sai dai ka kula, ko a kan kujera in ka rusuna da yawa har ƙirji ya doshi cinya, ka yi abin da ake gudu. Mutane da yawa suna komawa sujada a ƙasa bayan wasu watanni, amma likitanka ne zai buɗe maka wannan ƙofa, masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti kuma su koya maka yadda za ka sauka ka tashi.

Ka ce ka fara ajiye sanda. Ka sa Hajiya ta tsaya ta bayanka ta kalli tafiyarka. In kafaɗarka tana karkata hagu duk lokacin da ka taka ƙafar, ko kana ɗingishi ko kaɗan, tsokar gefen ƙugu ba ta dawo ba, ka koma wa sandarka. A hannun dama ake riƙe ta, wato ɓangaren da ba a taɓa ba. In za ka hau matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ka sauka mai aikin ce gaba.

Masu ɗori suna da wurinsu a al'adarmu, amma wannan gaɓa ta fita daga hannunsu. Kada a ja ta, kada a murɗa ta, kada a yi mata ƙaho ko tsaga, kada a shafa wa tabon wani haɗi. In Allah ya kiyaye ka ji wani zafi mai tsanani farat ɗaya, ƙafar ta gajarce ko ta karkace, ka kasa taka ta, gocewa ce ko karaya: a kwantar da kai a mota yadda kake, a nufi asibiti. Haka in sha-raɓarka ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe maka, ko ƙirji ya riƙe, domin gudan jini kan daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, kuma wannan haɗari yana nan har wajen wata uku, ko da ka gama shan maganin tsinka jinin da ake bayarwa na mako huɗu zuwa biyar. Haka in tabon ya yi ja, yana zafi ko yana tsatsar ruwa, ko zazzaɓi ya kama ka. Kada a tsaya a kemis a ce maleriya ce.

Likitanka gaskiya ya faɗa, sai dai ya gajarta, kuma haƙƙinka ne ya yi maka bayani. Ranar komawarka ka tafi da ɗanka da tambayoyinka a rubuce. Ka ce masa kai mahayi ne, ka nuna masa hoton sirdinka a waya, domin in ya ji doki yana iya ɗauka irin na filin folo kake nufi. Ka tambaye shi: ƙarfen da siminti aka kafa shi ko babu? Me hoton ƙashi ya nuna? Ƙashin nawa yana da ƙwari, ganin cewa haɗari ne ya fara lalata shi? Yaushe za a ɗage mini dokar tsuguno? Yaushe zan gwada hawa? Likitocin ƙashi da yawa suna barin wanda ya riga ya ƙware ya koma hawa mai sauƙi tsakanin wata uku zuwa shida, in komai ya tafi daidai. Amma shi ya ga cikin ƙugunka, ni ban gani ba. In ya ce a'a saboda wani abu da ya tarar, maganarsa ta shafe tawa.

Tsakanin yau da ranar, aikinka yana wurin masu gashi da motsa jiki na asibiti. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana da sashensu, haka na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, haka Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ƙafar da ta yi shekara huɗu tana ɗingishi tsokarta ta zube, tiyata kuwa ba ta dawo da tsoka, atisaye ne ke dawo da ita, kullum, ko ba ka so. Kafin ka yi tunanin likkafa, ya zama kana tafiyar rabin awa ba sanda ba ɗingishi, kana tsayawa a kan ƙafar hagu ita kaɗai na rabin minti ba ka dafa komai ba, kana hawa matakala ƙafa bayan ƙafa, kana kuma iya zama a wawware a kan benci ba tare da ƙugun ya ɗaure ba.

In ranar ta zo, kilin za ka hau. Tun yanzu a fara koya masa tsayawa cik a gefen dakali mai tsayi, a kuma saba masa da hawa ta dama, tunda dawakinmu ta hagu suka sani. Daga kan dakali, ta dama, lafiyayyar ƙafarka ce za ta ɗauki nauyi, ta hagun ta tsallaka kawai ba tare da ta naɗe ba. A sassauta likkafa ta yi tsawo. A zaɓi fili mai yashi, ba kwalta ba, da sassafe, mutum ɗaya yana riƙe da ragama, kai kuma da 'yar shara da wando, ba babbar riga ba. Minti goma na tafiya sun isa a ranar farko. Ka dawo gefen dakalin, ka sauka ta dama, ƙafar dama ta fara taɓawa. In ka kwana ka tashi ƙugun bai yi ƙorafi ba, ka ƙara kaɗan. Ka lissafa kuma ka gani: Ƙaramar Sallah mai zuwa tana bayan Babbar da kusan wata goma, ranar kana da kimanin shekara guda da aiki. Ita ce za ka sa a gaba.

Sukuwa da jafi da zamiya kuwa, ra'ayina ka bar wa samari su har abada. Wani bincike da masana na Jami'ar Bristol suka wallafa a mujallar Lancet a 2019 ya nuna cewa cikin kowace gaɓa 100 irin taka, kusan 89 suna kaiwa shekara 15, kusan 70 suna kaiwa 20, kusan 58 suna kaiwa 25. Kana da 58 a duniya, in Allah ya ba da rai kana son wannan ƙarfe ya raka ka har bayan shekara 80 ba a sake buɗe ka ba. Tafiyar ƙasaita a cikin jerin gwano ba ta cinye shi kamar yadda dirar sukuwa da tirjewar zamiya za su yi, kuma yawancin faɗuwa a can take.

Game da Hajiya, kada ka ɗauki maganarta a matsayin raini. Ita ta kwana a kujerar asibiti, ita ta ga lokacin da ba ka iya juyawa sai an juya ka, tsoronta yana da tushe. Amma bai kamata a sayar da dukiya cikin tsoro ba, balle abin da ya zo maka daga mahaifi. Ku yi yarjejeniya a gaban ɗanka: kai ka yi alkawari ba za ka taɓa igiya ko likkafa ba sai likita ya amince, su kuma su ajiye maganar sayarwa har wata shida. Kilin dai ban ga dalilin rabuwa da shi ba ko kaɗan. Akawal ne za ka zauna ka yi wa kanka gaskiya a kansa. Ingarma matashi mai jini a jika yana buƙatar mai hawansa da ƙarfi kullum, kuma da wuya ka sake zama wannan mutumin. In akwai ɗa ko ɗan ɗan'uwa a gidan da ya isa, ka mallaka masa hawansa, dokin yana turkenka. In babu, sayar da shi ga wanda zai riƙe shi da kyau ba abin kunya ba ne, kuɗinsa ma ya samo maka wani mai sanyi irin kilin, tunda shi ma tsufa yana kama shi.

Kafin Sallah ka je wurin hakimi, a kai ka a mota. Ka aika tun da wuri a shaida masa halin da kake ciki, don a ba ka uzurin faɗuwa gaisuwa a ajiye maka kujera. Babu basaraken da zai so a ce bawan Allah ya nakasa a tawagarsa. Ka nemi izini wani daga gidanka ya hau a gurbinka da kayan dokinka, don kada layin gidanku ya zama wayam. Ranar Idi ka tafi da kujerarka, ka zauna a gefen sahu inda ba turereniya, ka bari jama'a su ragu kafin ka tashi. In za ka kalli hawa, daga bene ko wani wuri mai tsayi, ba a bakin hanya cikin cunkoso ba. Ragon layya ma bana ka wakilta wani ya kayar ya yanka, domin danne rago tsuguno ne da kokawa a haɗe. Kai ka yi niyyarka, ka tsaya daga gefe da sandarka ka shaida.